Scuppernong: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunan Wani Inabi da Ke Rikita Mai Karatu da Mai Dashe

Mai karanta Turancin Amurka yakan ci karo da kalmar scuppernong a labaran da suka shafi kudancin ƙasar, ko a jikin kwalbar jeli, ko a jerin sunayen itatuwan dashe. Ƙamus yakan ce "wani irin inabi" ya tsaya nan. Wannan bayani ba ya isa, domin kalmar tana ɗauke da ma'ana uku, kuma wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya zai iya yin kuskuren fassara, ko ya sayi abin da bai yi niyya ba, ko ya yi shekara huɗu yana ban ruwa ga kuringar da ba za ta ba shi ko ɗa guda ba.

Mene ne scuppernong a taƙaice?

Inabi ne ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka, daga dangin da ake kira muscadine, wanda masana tsirrai suka raɗa wa suna Vitis rotundifolia. Yawancin muscadine na daji baƙaƙe ne ko masu launin shunayya mai duhu. Shi kuwa scuppernong yana farawa kore, in ya nuna ya koma ruwan tagulla da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a jikinsa. Ƙwayarsa a mulmule take, ɓawonta na da kauri, akwai ƙwallaye a ciki, kuma tana da wani ƙamshi mai ƙarfi da za ka ji tun kafin ka iso gindin rumfar. A shekarar 2001 jihar Karolina ta Arewa ta ayyana shi a matsayin ɗan itacen jiha.

Yaya ake furta shi?

Gaɓa uku ne, nauyin muryar yana kan ta farko: SKA-pa-nong. Bahaushe zai fi jin daɗin cewa "sikafanon", kuma ba laifi. Su kansu mutanen karkarar kudancin Amurka ba su daidaita a kan furuci ɗaya ba, za ka ji scuplin, ka ji scuppernine, ka ji scupanon. A rubutu dai scuppernong ne kawai karɓaɓɓe, da p biyu, da g a ƙarshe.

Daga ina sunan ya samo asali?

Sunan kogi ne. Kogin Scuppernong yana gabashin Karolina ta Arewa, ya ratsa gundumar Tyrrell, ya wuce ta garin Columbia, ya zuba a mashigin ruwan Albemarle. Sunan kogin kuma ba Turanci ba ne, ya fito ne daga harshen 'yan asalin yankin masu magana da harsunan Algonkiya, kuma ana danganta shi da kalmar ascopo, sunan wata bishiya mai ƙamshin ganye da ke fitowa a fadamun wurin. Thomas Harriot, wanda ya zo yankin tare da Turawan Ingila da suka fara zama a can, ya rubuta wannan kalma ta ascopo tun a 1588. Ke nan asalin ma'anar ita ce "wurin da bishiyar ascopo take", babu inabi a cikinta ko kaɗan.

Inabin ya riga sunan. Turawan da suka zauna a yankin sun daɗe suna kiransa "babban farin inabi" a harshensu. Sai a 1811 jaridar The Star ta Raleigh, babban birnin jihar, ta kira shi da sunan kogin da aka fi samunsa a gefensa, sunan kuma ya bi shi har yau.

Akwai wani kogin mai suna Scuppernong a jihar Wiskonsin, can arewa. Ba shi da alaƙa da inabin, sanyin wurin ma ba zai bar kuringar ta rayu ba.

To mene ne bambancin scuppernong da muscadine? Wasu na amfani da su kamar abu ɗaya.

A nan gizo ke saƙa. Muscadine sunan dangi ne gaba ɗaya, baƙi da fari da ja. Scuppernong kuwa ana amfani da shi ta hanya uku.

Ma'ana ta farko, wadda ita ce ta masana da masu sayar da dashe, ita ce iri guda tak: wancan tsohon irin da aka ɗauko daga daji a Karolina ta Arewa, aka riƙa yaɗa shi ta hanyar reshe daga hannu zuwa hannu. Duk kuringar da ta cancanci sunan a wannan ma'ana, reshe ce daga wancan tushe. Shi ne irin muscadine na farko da aka ba suna aka riƙa nomawa.

Ma'ana ta biyu ita ce ta kasuwa da ta gida. Mutumin jihar Jojiya ko Alabama in ya ga muscadine mai ruwan tagulla, kowane iri ne, scuppernong zai ce, baƙin kuma ya ce muscadine. Alhali abin da ke cikin kwandon galibi Carlos ne, ko Fry, ko Magnolia, ko Summit, wato irin da cibiyoyin binciken noma suka samar daga baya. Manoman kasuwa sun rage shuka tsohon irin saboda sababbin sun fi shi yawan 'ya'ya, wasunsu kuma sun fi shi girman ƙwaya nesa ba kusa ba. Saboda haka yawancin abin da ake sayarwa yau da sunan scuppernong ba shi ba ne a ma'ana ta farko. Ba yaudara ba ce, haka harshen mutane ya tafi da kalmar, kamar yadda a wajenmu sunan kamfani ɗaya kan zama sunan duk wani garin sabulun wanki.

Ma'ana ta uku ita ce giyar da ake yi da shi. Manyan ƙamusun Turanci sukan kawo wannan a matsayin ma'ana ta biyu ta kalmar.

Ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce kowane scuppernong muscadine ne, amma ba kowane muscadine ne scuppernong ba. Wanda ya kira baƙin inabi scuppernong ya yi kuskure a dukkan ma'anonin.

Shin muscadine ɗin ɗaya ne da Muscat?

A'a. Sunayen sun yi kama, ƙamshin ma ya sa ake haɗa su, amma Muscat inabin Turai da Gabas ta Tsakiya ne, daga dangin Vitis vinifera. Akwai kuma Muscadet, wanda sunan wata giyar Faransa ne. Uku ne daban. Haka nan in ka ga bullace ko bullis a rubutun kudancin Amurka, baƙin muscadine ake nufi, alhali a Ingila bullace wani ɗan itace ne daban da ba inabi ba.

Da babban baƙi ake rubuta shi ko da ƙarami? Yaya yake shiga jumla?

In ana nufin ainihin irin, ana rubuta shi da babban baƙi, a rubutun kimiyya kuma a saka shi tsakanin alamar zance guda-guda: Vitis rotundifolia 'Scuppernong'. In ana nufin kowane mai ruwan tagulla, ƙaramin baƙi ne, scuppernong. Wannan ɗan bambanci shi ne kaɗai alamar da marubuci mai kula zai ba ka, don haka ka lura da shi.

Suna ne da ake ƙirgawa: a scuppernong ƙwaya ɗaya ce ko kuringa ɗaya, scuppernongs jam'i ne. Ya fi yawan zuwa a gaban wani suna yana bayyana shi, kamar scuppernong arbor, wato rumfar da kuringar ta hau, da scuppernong jelly, da scuppernong pie. Kalmar tana da ƙamshin wuri. Marubucin da ya sa ta a labari yana gaya maka cewa a kudancin Amurka ake, a ƙarshen bazararsu, a gidan da ke da tsohuwar rumfa a bayan ɗaki. Baturen Ingila ko na Ostireliya da wuya ya san ta.

Na ga kwalba an rubuta scuppernong. Ta yaya zan san ko giya ce?

Tambaya ce mai muhimmanci ga Musulmin da ke zaune a can ko aka kawo masa tsaraba. Kada ka dogara da sunan inabin, duba kalmar da ke binsa. In wine ce, giya ce, babu ja. In juice ce, ruwan inabi ne da ba a bari ya tsima ba. Jelly, jam da preserves na shafa wa burodi ne. Kalmar da ke da tarko ita ce cider: a Amurka galibi ruwan 'ya'yan itace ne marar sa maye, mai sa mayen ana ce masa hard cider, amma a Ingila cider kai tsaye abin maye ne. Abin da zai raba gardama shi ne adadin barasa da ake rubutawa a jikin kwalba da alamar kashi cikin ɗari. In ka ga wannan adadi, ajiye ta. Kwalabe biyun sukan zo da siffa ɗaya daga gona ɗaya, shi ya sa kallon kwalba kawai ba ya isa. In kuma a labari wani ya ce a zuba masa a glass of scuppernong, giyar yake nufi.

Yaya mai fassara zai kawo shi a Hausa?

Ya ce "inabin scuppernong" a karon farko, ya ƙara 'yan kalmomi, misali "wani farin inabi mai kaurin ɓawo na kudancin Amurka", daga nan ya ci gaba da "inabin". Kada a fassara shi da faru, ko da yake wasu na kiran faru inabin daji, domin faru bishiya ce ta wani dangi daban. Kada kuma a ce ɗinya don kawai girman ya yi kusa. Inda rubutun ke nufin giyar, a fito fili a ce giyar inabi, kada a bar mai karatu ya zaci ɗan itace ake sha.

Me ya raba shi da inabin da muka saba saya a kasuwa?

Abubuwa da dama, wasu ana gani da ido. Inabin kasuwa yana zuwa a dogon curi mai ƙwayoyi da yawa da ke nuna kusan lokaci guda, a yanke curin gaba ɗaya. Scuppernong 'yan ƙwayoyi ne a kowane gungu, ba sa nuna tare, wanda ya nuna kuma yakan saki ya faɗo da kansa. Shi ya sa tsohuwar hanyar girbinsa ita ce a shimfiɗa zane a ƙasa a girgiza rumfar, a koma bayan 'yan kwanaki a sake. Zaren da kuringar ke naɗe abu da shi guda ne miƙaƙƙe, na inabin kasuwa mai rassa biyu ne. Ɓawon kararsa a manne yake, ba ya saɓulewa zare-zare. Ganyen ƙarami ne, mai sheƙi, kusan da'ira.

A cikin ƙwayar halitta kuma, muscadine na da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gado) 40, inabin kasuwa na da 38. Wannan ne ya sa auratayya tsakaninsu ke da wuya, abin da aka samu ma sau da yawa ba ya haihuwa. Masana ba su daina ƙoƙari ba, saboda muscadine na da abin da kowa ke so: yana jure cutar Pierce, wadda ƙwayar Xylella fastidiosa ke haddasawa ta toshe hanyoyin ruwan kuringa, kuma yana jure ƙwaron phylloxera da ya lalata gonakin inabin Turai a ƙarni na 19. Dalilin da ya sa shi ne inabin kudancin Amurka ke nan, inabin Turai ba ya daɗewa a wannan zafi da laima.

Yaya ake cinsa? Na tauna ɗaya na ji ɓawon kamar fata.

Ba a jefa shi baki a tauna kamar inabin kasuwa. Ka riƙe ƙwayar da yatsu biyu, gefen da ya rabu da kara yana kallon bakinka, ka ɗan cije shi ko ka matsa. Naman cikin zai sulluɓo gaba ɗaya, mai santsi, mai zaƙi. Ka tsotse ruwan da ke manne a cikin ɓawon, domin a nan ƙamshin ya fi taruwa, ka tofar da ƙwallayen. Ɓawon ana iya taunawa, yana da tsami da ɗan bauri, wasu na haɗiyewa, wasu na yarwa. In aka ci da yawa tsamin kan sa leɓe ƙaiƙayi, yakan wuce da kansa.

Wajen zaɓe, ka nemi wanda ya bar kore ya koma tagulla, ya ɗan yi taushi a hannu. Ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, kore shar zai zauna da tsaminsa har ya lalace. Ka duba kuma wurin da ya rabu da kara: in a bushe yake a rufe, zai yi mako guda ko fiye a firji, in ya yage yana tsatsar ruwa, a ci shi a ranar ko washegari, kuma kada a wanke sai za a ci.

Na dasa 'Scuppernong', yana yaɗo lafiya, yana fure, amma babu 'ya'ya. Me ya faru?

Wannan ita ce asarar da rikicin suna ya fi jawowa. Ainihin 'Scuppernong' mace ce. Furenta ba ya ba da garin barbara mai amfani, dole sai akwai wata kuringa kusa da za ta ba ta, ƙwari da iska su kai. Mutum yakan ci ɗan itace a gidan maƙwabci a ce masa scuppernong ne, alhali Carlos ne mai barbarar kansa, sai ya je ya sayi ainihin irin ya dasa shi kaɗai.

Ka duba furen da kyau lokacin da ya buɗe. In 'yan sandunan da ke kewaye da tsakiyarsa gajeru ne sun lanƙwashe ƙasa, mace ce. In dogaye ne a tsaye kuma akwai ɗan kumburi a tsakiya, mai barbarar kansa ne. In dogaye ne a tsaye babu kumburin tsakiya, namiji ne, ba zai taɓa yin ɗa ba.

Maganin shi ne a dasa mai barbarar kansa a kusa, kamar Carlos, Magnolia, Noble ko Cowart, kada nisan ya wuce mita 15. Guda ɗaya ya ishi mata uku. Launinsa ba ya canza launin 'ya'yan macen, ko baƙi ne irin Noble, 'ya'yanta za su fito ruwan tagulla. Fry da Supreme ma mata ne, haɗa su da 'Scuppernong' ba ya magance komai. Kafin a zargi barbara kuma a tuna kuringa ba ta fara ba da abin kirki sai a shekara ta uku, kuma inuwa da yawan takin da ke sa ganye kan hana 'ya'ya.

Yaya ake dasa shi a yi masa rumfa?

Yana son rana sosai da ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin pH tsakanin 5.8 da 6.5, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Kwanciyar ruwa ita ce ta fi kashe sabon dashe. Hanya mafi sauƙi ita ce waya ɗaya mai kauri a kan turaku, tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a bar mita 6 tsakanin kuringa da kuringa. Wannan tazara ba ɓarnar fili ba ce, shukar tana da ƙarfin yaɗo fiye da yadda sabon manomi ke zato.

A shekarar farko a zaɓi toho guda mafi ƙarfi a ɗaure shi a sanda ya miƙe zuwa waya, a riƙa cire na gefe duk mako. In ya kai waya a tsinke kansa, zai fitar da biyu, a kai ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne ya tafi mita 3. Waɗannan hannaye biyu su ne na dindindin. Duk ƙarshen hunturu, kuringa na barci, a datse rassan bara da suka fito a kansu a bar ido biyu zuwa uku a kowanne, domin 'ya'ya na fitowa ne a sabon tohon da ya fito daga itacen bara. In an makara aka datsa ruwa na ɗiga daga yankan, ba abin tsoro ba ne.

Abubuwa uku ke lalata aikin. Na farko, zaren kuringar yakan naɗe hannunta ya bushe ya yi tauri kamar waya, hannun na kauri yana shaƙe shi, sai a wayi gari rabin reshe ya mutu, don haka a lokacin datsa a bi a yanke duk zaren da ya zagaye kara. Na biyu, saiwarsa a sama-sama take, noma mai zurfi da fartanya a gindinsa yana yanke ta. Na uku, barin datsa na shekara biyu ko uku, rumfa ta zama sarƙaƙiya, 'ya'ya su ragu su ƙanƙance. In tsofaffin ganye suka yi rawaya tsakanin jijiyoyinsu alhali jijiyoyin na kore, ƙarancin sinadarin magnesiyom ne, ana gyarawa da gishirin Epsom, wanda ke ɗauke da wannan sinadari.

Zan iya shuka ƙwallon in samu irinsa?

Zai tsiro, amma abin da ya fito ba 'Scuppernong' ba ne. Yana iya zama namiji, yana iya zama baƙi, domin duhun launi ya fi rinjaye a gado. Sunan iri yana bin reshe ne kawai. A nan ma muscadine ya saɓa wa inabin kasuwa, wanda busasshen yankan reshensa ke yin saiwa cikin sauƙi. Nasa ba ya yarda. Ko dai a yanki ɗanyen toho a tsakiyar bazara a riƙa fesa masa ruwa a inuwa har ya yi saiwa, ko a lanƙwaso dogon reshe a binne tsakiyarsa a ƙasa a bar kansa a waje, in kaka ta yi ya yi saiwa a yanke shi daga uwar.

Yaya ake jelinsa, kuma me ke sa ya ƙi kamawa?

A haɗa nunannu da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ba su gama nuna ba, domin a cikinsu ne sinadarin da ke sa jeli ya daskare ya fi yawa. A wanke, a murƙushe, a dafa a wuta kaɗan kamar minti 10, a tace da ƙyalle ba tare da matsawa ba don kada ruwan ya yi gurɓi. A ajiye ruwan a wuri mai sanyi ya kwana, a sake tacewa da safe. Wanda ya tsallake wannan mataki zai tarar da wasu ƙananan duwatsu kamar garin gilashi a jelinsa, gishirin tsamin inabi ne da bai samu ya kwanta ba. Sai a auna kofi 4 na ruwan da kofi 3 na sukari, a tafasa da wuta mai ƙarfi har zafin ya kai digiri 104 a ma'aunin Salshiyos, a kwashe kumfa, a zuba a tafasassun kwalabe, a rufe, a dafa kwalaben cikin ruwa minti 5.

In ya ƙi kamawa, ko dai inabin duk ya nuna tuɓus, ko an rage sukari, ko an ninka adadin a tukunya ɗaya har tafasar ta yi tsawo. Gara a dafa kashi-kashi. Ɓawon kuma ba a zubarwa a gidajen da suka san darajarsa: a dafa naman a tace ƙwallaye, a dafa ɓawon daban har ya yi laushi, a haɗa da sukari a gasa cikin ƙullin fulawa, shi ne abin da suke kira hull pie.

Mece ce Mother Vine da ake yawan ambata tare da sunan?

Tsohuwar kuringar scuppernong ce a tsibirin Roanoke na Karolina ta Arewa, kusa da garin Manteo, wadda ake ƙiyasta shekarunta da kusan 400, ana kuma ɗaukarta a matsayin kuringar inabi mafi tsufa da ake kula da ita a Amurka. Ma'anar sunan "uwar kuringa". Tsibirin shi ne inda matafiyan Ingila Arthur Barlowe da Philip Amadas suka iso a 1584, Barlowe ya ba da labarin yalwar inabin da ya gani a gaɓar tekun. A 2010 maganin kashe ciyawa da aka fesa a gefen hanya ya taɓa ta, sai da aka yi ta datse sassan da suka kamu kafin ta farfaɗo. Sunan "uwa" girmamawa ce, sunan inabin dai daga kogin gundumar Tyrrell ya fito, ba daga tsibirin ba.

Shawarwarin nan sun shafi inabin da ake nomawa a wajenmu, kamar na Kudan a jihar Kaduna?

Ba kai tsaye ba. Inabin da manoman Kudan ke nomawa mai dogon curi ne, ba muscadine ba. Shi ana tayar da shi da yankan reshe, ana girbinsa curi-curi, kuma manomi ne ke sa shi hutawa ta hanyar datsa da sarrafa ban ruwa, tunda babu sanyin da zai kwantar da shi. Scuppernong kuwa ya saba da hunturun da ke zubar masa da ganye ya yi barci kafin ya farka ya yi fure. Saboda haka in kana neman bayani a intanet ka ga kalmar scuppernong ko muscadine a kan shafin, ka san tazarar mita 6, da batun mace da namiji, da girgiza rumfa a kan zane, duk na wancan dangi ne, kada ka ɗauke su ka kai gonar inabin curi.